Ba a Ɗaure Kaza Ba

A danginmu ba a cewa a'a. Kawuna Arcesio bai taɓa hana mahaifiyata zuwa gidan gonar ubansu ba. Duk inda suka haɗu sai ya ware hannuwa ya ce, "Yaya Mira, El Guamal ai gidanki ne, ki zo duk ranar da kika ga dama." Ita kuma ta ce, "Allah ya saka, ƙanena, muna nan tafe." Haka suke yi tun rasuwar kakana, kuma tun rasuwar tasa ba ta sake taka gidan ba.

A wajenmu "gidanki ne" gaisuwa ce, kamar "ina gajiya". Gayyata ta gaskiya ita ce mai gida ya ce, "Zan sa a ɗaure kaza." Kajin gona a sake suke yawo cikin itatuwan kofi, kama su aiki ne. In ana sa ran baƙo, tun jajibiri ake kama wadda za a yanka, a ɗaure ta da ƙafa ɗaya a ginshiƙin baranda. Wanda ya iso ya ga kaza a ɗaure ya san an jira shi. Wanda bai gani ba ya san faɗowa ya yi. Kawu Arcesio ya ɗaure wa dangin matarsa kaji ba adadi. Ya ɗaure wa likitan haƙorinsa, ya ɗaure wa wani ɗan siyasa da ya faɗi zaɓe. Yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ko sau ɗaya.

Na dawo garinmu Manizales daga karatu a Jamus na tarar Mama tana laluben bakin kofi da yatsa kafin ta tsiyaya shayi. Ba ta faɗa wa kowa ba. Na kai ta wajen likita da ƙyar. Ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar idon ce ke mutuwa, kuma ba ta dawowa. Da ta fita ya tsayar da ni a ƙofa ya ce abin da take son gani, ta gan shi bana.

Na tambaye ta a hanya. Na zaci za ta ce teku, don ba ta taɓa ganinsa ba.

"El Guamal," in ji ta.

"To mu tafi Asabar."

"Wa ya gayyace mu?"

"Mama, rabin gidan naki ne. Ba a raba gado ba."

"Ban tambaye ki na wane ne ba. Cewa na yi wa ya gayyace mu."

Na kira gidan kawu. Matarsa Fabiola ce ta ɗauka, kullum ita ke ɗauka.

"Yolima! Bajamushiyarmu! An ce kin dawo a rame, ba sa dafa abinci ne a can?"

"Suna dafawa, Anti. Mama na son zuwa El Guamal."

"Kai, madalla! Ai gidanta ne. Sai dai wannan makon ana gyaran rufi, ƙura ko'ina, ba za ta ji daɗi ba."

"Mako mai zuwa fa?"

"Ji ta da gaggawa, sai ka ce jirgi zai tashi ya bar ta. Bari in yi magana da kawunki, 'yar nan, zan kira ki."

Ba ta kira ba. Ni na kira. Rufi ya ƙare, amma ruwa ya zabtare hanya. Hanya ta gyaru, aka shiga tsinkar kofi, ma'aikata sun cika ko'ina. Kofi ya ƙare, famfo ya lalace. Ni da na karanta aikin ruwa na ce zan zo in duba famfon kyauta, ta yi dariya har da tari, ta ce ba za ta bari Dakta guda ta shiga taɓo ba. A makon da aka ce hanya ta zabtare, 'yar kawu ta saka hotuna a waya: 'yan uwan Fabiola daga Medellín sun baje a baranda, tukunya na tafasa a kan itace, wani ƙato ya miƙe ƙafa a kujerar kakana.

Ba sai an gaya mini dalili ba. In Mama ta shiga gidan nan, ita ce 'yar mai gidan, kakana Don Belisario. Ma'aikata za su cire mata hula, za ta zauna a bakin teburi inda uwarta ke zama, za ta ɗaga murfin tukunya ba tare da ta nemi izini ba. Fabiola kuma ta koma abin da take, matar ƙane. Wannan ne kawai. Ba wanda ya zagi wani, ba wanda ya ci wa wani gona. Mace ɗaya ba ta son ta ba da kujera na wuni biyu, mijinta kuma ba ya son hayaniya a gidansa.

Watanni suka tafi a haka. Mama ta daina karanta littafin addu'arta, ta ce ai ta haddace. Ta daina zuwa kasuwa, ta ce ciwon ƙafa ne.

Sai ga bikin baftismar jikan kawu. Aka yi walima a gidansu na birni, dogon teburi da farin mayafi, Fada Gildardo limamin cocinmu a tsakiya. Mama ta miƙa hannu za ta ɗauki gishiri, ta ture kofin lemo.

"Ba komai, Yaya, ba komai!" in ji Fabiola, da ƙarfin da har na ƙarshen teburi suka juyo. "Mayafi ne, ai wankuwa yake yi."

Kawu Arcesio yana ba Fada labarin gona. An yi ruwa, kofi ya yi fure, tudun gaba ɗaya fari fat. Ya juyo wajen Mama da cokali a hannu.

"Ya kamata ki gani, Yaya Mira. Gidanki ne fa."

"Wace rana, Kawu?" na ce.

Ya dube ni yana murmushi. "Na'am?"

"Ka ce ya kamata ta gani. Wace rana?"

"To, Dakta ta fara. Fada, ka ji yadda ake yi a Jamus. Ko ina kwana za ka ce wa mutum sai ka sa masa rana."

Aka yi dariya. Na jira ta lafa.

"Ban ji ranar ba."

Mama ta mintsine ni a cinya ta ƙarƙashin teburi. Fabiola ta tashi tana tambayar wa ke son ƙarin shinkafa.

"Yolima, 'yata," in ji kawu, "ai wannan ba maganar teburi ba ce. Za mu tsara."

"Tun da na dawo ake tsarawa. Likita ya ce idonta ba zai kai baɗi ba. Wace rana?"

Cokula suka tsaya. Fada Gildardo ya dubi Mama, ya dubi kawu, ya ajiye burodinsa. Kunnuwan kawu suka yi ja.

"Asabar ɗin nan," ya ce. "Ya ishe ki?"

"Ya isa. Mun gode."

A tasi Mama ta jira muka wuce babban coci. Sannan ta fara, a hankali, don kada direba ya ji, amma ya ji.

"Kin tsaya a gaban Fada kin yi mini bara. Gidan ubana kika roƙar mini kamar mai neman ragowar abinci."

"Na samo rana."

"Kin tallata makantata a kan teburin Fabiola. Yanzu duk Manizales za su riƙa kama mini hannu a coci suna 'Allah sarki'. Wannan aka koya miki a can? Mun tura ki ki karanto ruwa, kin dawo ba ki san yadda ake zama da mutane ba."

"Na san yadda ake zama da su. Na ga yadda kike zaune da su tun ina makarantar firamare. Ya ce Asabar."

"Ya ce Asabar. Kin ji ya ce kaza?"

"Mama, kaza kike son gani ko gida?"

Direba ya yi tari. Mama ta juya fuska wajen taga.

Na ɗauka ba za ta je ba. Ran jajibiri da safe na tarar da ita a kicin tana shirya kwali da hannu, tana laluba. Shinkafa, man girki, cakulan na sha, burodi mai cuku, sabulu na matar mai kula da gona, kwalbar barasar rake ta ƙanenta, har da tukunyar fure ta Fabiola.

"Fabiola ma?" na ce.

"Ba ni ce marar tarbiyya a gidan nan ba."

Daga garin Neira muka ɗauki tsohuwar jip irin mai jigilar buhunan kofi. Na zaunar da ita a gaba. Hanyar lafiya lau, na duba kowace kwana ban ga inda ta taɓa zabtarewa ba. Mama tana kiran sunayen gonaki kafin mu kai, ta hanyar jin gangara da ƙarar gada. Ta yi kuskure sau ɗaya, direba ya gyara mata, ta ce shi ne bai sani ba, an canza sunan ne.

A ƙofar shinge Evelio na tsaye, tsohon da ke kula da gonar tun zamanin kakana. Ya cire hula tun kafin jip ta tsaya.

"'Yar maigida! Maryama mai tsarki, ke ce?"

"Ni ce, Evelio. Ka tsufa, na ji a muryarka."

"Ke kuwa kina nan yadda kike."

"Har yanzu ƙarya kake yi. Ina Arcesio?"

Evelio ya juya hular a hannu. A ɗaya hannun akwai makulli.

"Don Arcesio ya bugo waya da safe. Wai uzuri ya taso musu a Pereira, shi da uwargida. Ya ce in ba ku makulli. Ya ce ku saki jiki, gidanku ne."

Makulli ake ba 'yan birni masu hayar gidan gona na hutun mako. A nuna musu inda ake kunna gas, a ce su kwashe shararsu in za su tafi.

Mama ta tsaya riƙe da jakarta da hannu biyu. Daga nan gidan bai da nisa, amma na san ba abin da take gani sai fari-fari a cikin kore.

"Yolima, duba mini ginshiƙin baranda."

Na duba. Ko igiya babu.

"Babu," na ce.

"Evelio?"

"Ba a ba ni umarni ba, 'yar maigida." Ya sunkuyar da kai.

"To. Ce wa direba kada ya juya ya bar mu. A sauke kwalin, kayan na gidan ne. Mu koma."

A nan raina ya ɓaci da ita fiye da yadda ya ɓaci da kawu. Shi dai na san abin da yake.

"Ba inda za mu koma. Kin zo har ƙofa."

"Ban taɓa faɗa wa mutane gida ba. Ba zan fara da gidan ubana ba."

"Idonki ba zai jira kaza ba, Mama. Fabiola ba ta gaggawa, tana da shekaru a gabanta. Ke ba ki da su. Za ki koma Manizales ki zauna a duhu kina cewa ai na kiyaye mutuncina?"

"Rage murya, Evelio na ji."

"Ya ji! Shi ma ya san abin da aka yi miki. Kuma waɗanne mutane za ki faɗa wa? Ba kowa a ciki. Sun gudu sun bar gida don kada su gaishe ki."

Direba ya kashe inji, ya ga abin zai ɗauki lokaci. Wani kare ya fito daga cikin ayaba ya shinshina takalminta.

"Evelio," ta ce. "Ba kowa a ciki?"

"Ba kowa."

"Ko 'yan uwan Fabiola?"

"Babu, 'yar maigida."

"To in baƙo zai zo gidan nan gobe, wa zai karɓe shi?"

Evelio ya dube ni. Ni ma ban gane ba. Ta miƙa hannu, tafin a sama, ya ɗora mata makullin. Ta jefa shi cikin jaka ta rufe.

"A kamo mini kaza. Mai ƙiba, ba tsohuwar da ta daina ƙwai ba, na san halin matarka da rowar kaji. A ɗaure ta a ginshiƙin tsakiya. A tono rogo, a sare ayabar dafuwa, a nemo masara ɗanya. Ina da baƙi gobe."

"Su wa, 'yar maigida?"

"Ƙanena da matarsa. Yolima, kira mini shi."

Na kira. Wannan karon shi ya ɗauka, da muryar mai shirin ba da haƙuri. Na miƙa mata wayar.

"Arcesio. Na iso lafiya, hanya kamar kwalta. A'a, kada ka damu, na ji uzurin, Allah ya kyauta. Saurara. Na sa an ɗaure kaza. Gobe bayan coci ku zo kai da Fabiola." Ta saurara. "A'a, ba wahala ko kaɗan. Kada ku kawo komai, akwai komai a gida." Ta sake saurarawa, na ga gefen bakinta ya motsa. "Ɗakin baƙi zan sa a share muku, ko za ku so ku ɗan kwanta bayan abinci. Sai kun zo, ƙanena."

Ta ba ni wayar. Yana can yana cewa wani abu, na kashe.

"Zai zo?"

"Wa ke ƙin kazar da aka ɗaure masa? Sallami direba. Kama ni nan, ba a nan ba, a gwiwar hannu. Ba gawa kike ɗauke da ita ba."

Muka hau. Ta san inda dutsen da ake tuntuɓe da shi yake, ta tsallake shi ni na buge. Ta tsaya a wajen da ake shanya kofi ta ce an faɗaɗa shi, kuma gaskiya ne. Ta tambayi bishiyar lemon da ke bayan kicin, Evelio ya ce tsawa ta kashe ta, ta ce ƙarya ne, ba a ba ta ruwa ba ne. A bayanmu matar Evelio ta fara bin kaji cikin kofi tana zaginsu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu.

Mama ta hau matakalar baranda da kanta. Ta shafa ginshiƙi, ta shafa dogon bencin da ke jikin bango. Ta tsaya a bakin baranda ta fuskanci kwari, inda tuddai ke bin juna har su ɓace.

"Furen kofin nan da yake ta cika baki a kai, ina yake?"

"Ya kaɗe, 'yar maigida," in ji Evelio. "Ba ya daɗewa."

"Ai na sani."

Sannan ta juyo wajen gidan. Ta matsa kusa da ƙofar ɗakin kakana har hancinta ya kusa taɓa katako. Ta ja baya. Ta matsa ga ta biyu.

"Wa ya yi wannan?"

"Me, Mama?"

"Ƙofofin. Ubana ja yake shafa musu, ja mai kyau, kowace shekara kafin Kirsimeti, da hannunsa. Daga can ƙasan kwari ake hango su. Dubi abin da suka shafa, kamar ruwan wankin tukunya. Wannan launi ne? Wa ke shafa wa gidan mutane toka?"

Ƙofofin ja ne jawur. Fentin ma sabo ne, yana ƙyalli a rana, irin jan da na sani tun ina yarinya. Evelio ya buɗe baki, na dube shi, ya rufe.

Ranar da na fara kiran Fabiola, ranar da aka ce ana gyaran rufi, Mama da kanta ta zaɓi tumatir a kasuwa, lokacin tana ganin ja, tana ture wanda bai nuna ba tana yi wa mai sayarwa faɗa.

"Aikin Fabiola ne," na ce.

"Ai na ga hannunta. Ba ta taɓa sanin launi ba, dubi rigar da ta saka a baftisma."

Ta bi barandar ƙofa bayan ƙofa tana faɗa, ina riƙe da gwiwar hannunta. Ta ce gobe a gaban Arcesio za ta faɗa, kuma kafin Kirsimeti sai an maido da jan, ko da kuwa ita za ta riƙe buroshin. Evelio ya ce to, za a yi.

Washegari kawu ya zo bayan coci, shi da matarsa. Mama ta karɓe su a saman matakala, ta nuna musu inda za su zauna. Ya ci, ya ƙara, ya yaba romon. Ya miƙo mini hannu da zai tafi, ya ce, "Dakta, an huce?" Ban karɓa ba.